Dakta Baiwa Maigandi ta Zakka, Mai Kwallin Na'ura

Haihuwa da Asali

An haifi Baiwa Maigandi a farkon daminar shekarar 1974, a garin Zakka da ke ƙasar Safana ta jihar Katsina a yau. Mahaifinta shi ne Malam Maigandi, manomin gero da dawa, mahaifiyarta kuwa Larai, maginiyar tukwane da randuna wadda aka san hannunta tun daga kasuwar Safana har ta Batsari. Gidansu asalinsa gidan Maguzawa ne. Maigandi ne ya fara karɓar Musulunci a cikin zuriyar, ƙanwarsa ta auri wani mai suna Jinjiri suka shiga addinin Kirista, tsohuwarsu kuma ta rasu a kan abin da ta gada, amma duk da haka gona ɗaya suke shiga ranar gayya, tukunya ɗaya suke ɗorawa ranar biki.

Mutane ne masu ƙarfin noma da cika rumbu, sai dai abin da suka rasa yana da yawa. Babu lantarki, babu asibiti a kusa, mota ba ta shigowa sai ranar kasuwa, kuma a duk gidan babu wanda ya iya karatun boko. Labari ma da ƙafa yake zuwa musu, domin idan wani abu ya auku a ƙauyen gaba, sai wanda ya gani ya tako ya faɗa. An haife ta ne a ƙarshen shekarun fari da suka kashe dabbobi suka bar rumbuna wayam, kuma ruwan da ya sauka a makon haihuwarta shi ya sa mahaifinta ya ce wannan yarinya baiwa ce daga Allah. Sunan ya bi ta har ya danne na yanka.

Ƙuruciya a Wurin Ginin Tukwane

Aikinta na farko a duniya shi ne dakan tsingaro, wato fasassun tukwane da ake dakawa a tankaɗe a zuba cikin sabon yumɓu. Tare suke yin wannan aiki da taubashiyarta Esther, 'yar Jinjiri, wadda Larai ta ɗauka tana koya mata gini. Larai ba ta yarda a kawo mata gari iri ɗaya ba, sai mai tsakuwa-tsakuwa da mai laushi, takan ce manyan su riƙe jikin tukunya, ƙananan su cike tsakaninsu, kuma yumɓu shi kaɗai ba ya jure wuta sai an ba shi abokin zama. A nan ne Baiwa ta fara tambayar da ta bi ta har ƙarshen rayuwarta. Ta lura ruwan randa sanyi ƙalau yake ko a tsakiyar bazara, alhali ruwan bokiti yana ɗumi, da ta tambaya sai mahaifiyarta ta ɗora mata hannu a jikin randar ta ce, "Ji nan. Gumi take yi, kamar ke. Zafin ta nan yake fita."

Wasan taubasai bai taɓa yankewa tsakaninta da Esther ba. Bisa al'ada 'yar mace ce ake tsokana da baiwa, to amma Esther takan ce, "Ni da baki kawai ake faɗa mini, ke kuwa har mahaifinki ya shaida."

Karatu

Ta shiga makarantar firamare ta Zakka a shekarar 1981, ta kammala a 1987, daga nan aka ɗauke ta a makarantar sakandaren kimiyya ta 'yan mata, inda ta yi zaman kwana har 1993. Malamanta sun shaide ta da natsuwa da kuma taurin kai irin na mai son ya gani da idonsa, domin ba ta karɓar amsa don kawai tana cikin littafi. Ta sami gurbin karatu a jami'a a Zariya, a fannin kimiyyar sinadarai, kuma saboda yawan rufe makarantu na wancan zamani ba ta sami digirinta ba sai a 1999. Ita ce mace ta farko a zuriyar Maigandi da ta kai wannan matsayi. Mahaifinta bai ga ranar ba, domin Allah ya yi masa rasuwa tana shekarar ƙarshe. Ta yi bautar ƙasa a shekarar 2000.

Aiki da Aure

A shekarar 2001 aka ɗauke ta aikin koyarwa a wata makarantar sakandare da ke Batsari. Ɗalibanta na lokacin suna tuna yadda take shigo da randa da tukunyar ƙarfe da bargo cikin aji domin ta nuna musu abin da ke barin zafi ya wuce da abin da ke tare shi. A shekarar 2002 ta auri Malam Sammani Badaru, malamin gona ɗan asalin Ruma, mutum mai sanyin hali da son raha, suka kafa gidansu a Batsari. Shi ne ya riƙa zolayarta da cewa ya auri matar da ba ta iya shan shayi sai ta fara yi masa bayanin dalilin da ya sa cokali ya yi zafi. Shi ne kuma ya tsaya mata ta koma Zariya ta yi digiri na biyu, wanda ta kammala a 2008, sannan ta koma koyarwa a wata kwaleji a Katsina, tana zuwa tana komowa a motar haya. Mahaifiyarta Larai ta rasu a 2009, sana'ar gini kuma ta koma hannun Esther.

Bincike a Ƙasar Maleshiya

A shekarar 2010 ta sami tallafin karatun digiri na uku a ƙasar Maleshiya. Malam Sammani ya riƙe yara tare da taimakon dangi, ita kuma ta shiga binciken da ya zama ginshiƙin sunanta. Ya kamata a yi bayaninsa a nan a sauƙaƙe, domin abin da ya biyo baya a rayuwarta ba zai fahimtu ba sai da shi.

Kowace na'urar lantarki, daga wayar hannu zuwa kwamfuta, tana haifar da zafi a cikinta yayin da take aiki, kuma idan zafin nan bai sami mafita ba sai ta gaji, ta ɗauke, ko ta ƙone. Saboda haka ake manna wa sashen da ya fi zafi farantin ƙarfe domin ya ja zafin ya fitar. Matsalar ita ce, komai santsin ƙarfe biyu, idan aka haɗa fuskokinsu akwai ƙananan ramuka da ido ba ya gani, waɗanda iska ke cikewa, iska kuwa ba ta barin zafi ya ratsa ta da sauƙi. Don haka ake shafa wani danƙo mai laushi a tsakani ya kori iskar. To shi ma danƙon malalaci ne wajen ɗaukar zafi, sai an cuɗa shi da garin wani abu mai saurin ɗauka.

Aikin Baiwa shi ne neman irin garin da ya dace da yadda za a cuɗa shi. Ta yi aiki da baƙin ma'adinin nan da ake sawa a tsakiyar fensir, wanda ake iya ɓare shi sala-sala har ya zama ƙananan ɓawo da sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Ta tabbatar da cewa idan garin ya yi kaɗan, ƙwayoyin sukan zauna nesa da juna, zafi ya rasa ta inda zai bi, idan kuma ya dunƙule wuri ɗaya, nan ma babu amfani. Sai ƙwayoyin sun taɓa juna tun daga wannan fuska har zuwa waccan sannan hanya take buɗewa. Mafi kyawun haɗin da ta samu shi ne na manyan ƙwayoyi da ƙanana tare, ƙananan suna cike tsakanin manyan. An ce ranar da sakamakon ya fito ta kira mijinta ta ce masa ta ƙetare teku ne kawai don ta sake dakan tsingaro. Ta kammala a 2013, ta dawo kwalejinta da laƙabin Dakta.

Shekarun Tsanani da Rasuwar Malam Sammani

Ta dawo ta tarar ƙasar ta fara canzawa. Satar shanu da ake yi jefi-jefi a bakin dajin Rugu ta rikiɗe ta zama hare-haren 'yan bindiga a kan babura, ana kwashe dabbobi, ana ƙona rumbuna, ana ɗauke mutane. Gonakin nesa suka fara komawa daji, ƙauyuka suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, makarantun Batsari suka cika da mata da yara masu gudun hijira. Abin da ya rage wa waɗanda suka zauna shi ne labari, domin idan ƙauyen gaba ya hango babura ya kira na baya, mutane sukan sami damar barin gona su kai yara maɓoya.

A kakar shekarar 2019, wata ranar Talata da rana, Malam Sammani yana gonarsa a wajen Ruma tare da masu girbi, 'yan bindiga suka ɓullo. An yi ta kiran masu girbin daga ƙauyen da aka fara ganin maharan, amma wayoyin unguwar da gonar take duk a kashe suke, saboda akwatin solar da ake yi musu caji da shi zafi ya ƙona shi tun makon da ya gabata. Malam Sammani yana cikin waɗanda aka kashe a ranar. Da ta gama takaba, Dakta Baiwa ta sa aka kawo mata akwatin, ta buɗe, ta ga danƙon da ke cikinsa ya bushe ya zama gari. Ta ajiye shi a ɗakinta.

A wannan lokaci tsohon malaminta na Maleshiya ya aiko mata da tayin aiki, dangi kuma suka matsa mata ta kwashe yara ta koma Katsina. Ta gode wa kowa ta ƙi. Abin da ta faɗa wa babban ɗanta Abdulmumin shi ne, "Can na'urorinsu suna da masu yi musu fifita. Namu fa?" A shekarar 2020 ta ajiye aikin kwaleji, ta mayar da zauren gidanta na Batsari wurin aiki. Ba ta da manyan injunan da ta saba da su, sai ta koma ga abin da ke hannu: tana tara matattun baturan tocila, ta zare baƙar sandar da ke tsakiyarsu, ta ɓare ta da ruwan sinadari da wutar sola har ta yi laushi, ta cuɗa da danƙon da take sayowa daga Kano. Da shi ta riƙa farfaɗo da akwatunan caji na ƙauyuka.

Na'ura a Cikin Ƙaiƙayi

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a yankin saboda dalilan tsaro, ƙauyuka suka koma yadda suke a zamanin ƙuruciyarta, labari da ƙafa. Wata ƙungiyar manoma ta ƙasar Ruma ta nemi izinin hukuma ta sayi wayoyin oba-oba, tare da babbar na'ura guda mai karɓar magana daga wannan ƙauye ta miƙa wa wancan, wadda mutane suka sa wa suna uwar oba-oba. Ko bayan an maido da layuka ba a rabu da ita ba, domin a bakin daji waya ba ta kamawa sai an hau dutse. An damƙa ta a hannun Malam Armaya'u, dattijo mai amana da gidansa ke kan tudu, kuma ta yi aiki lafiya lau duk tsawon lokacin sanyi.

Da bazarar 2022 ta kama sai ta fara abin da suka kira suma. Kullum daga azahar zuwa la'asar sai ta yi shiru, kuma ba a daɗe ba mutanen daji suka gane lokacin, suka mayar da shi lokacin fitowarsu. Dattawan ƙauyuka uku suka fara shawarar tashi kafin damina, domin babu mai shiga gona ba tare da kunne a bayansa ba. A wannan hali ne aka aika wa Dakta Baiwa.

Da ta isa gidan Malam Armaya'u sai ya kai ta wani tsohon rumbu, ya tura hannu cikin ƙaiƙayi har kafaɗa, ya zaro na'urar a naɗe cikin buhu, da zafin da hannu ba ya iya riƙewa.

"Malam Armaya'u, wa ya binne ta da ranta?" in ji ta.

"Ranki ya daɗe, ni ne da hannuna," ya amsa. "Kowane azumi ni ke kawo ƙanƙara daga Katsina cikin ƙaiƙayi, ba ta taɓa narke mini a hanya ba. Na ce abin da ya riƙe sanyin ƙanƙara ai ba zai kasa riƙe na wannan 'yar abar ba. Ga shi kuma ɓarawo ba zai gan ta ba."

Waɗanda ke wurin sun ce ba ta yi masa dariya ba, ta ma hana wasu yi. Ta zauna a bakin rumbun ta ce, "Baba, ka yi tunani, kuma rabinsa daidai ne. Sai dai ƙaiƙayi ba sanyi yake bayarwa ba, hanya yake tarewa. Zafin ƙanƙara a waje yake, ka hana shi shiga. Wannan kuwa zafinta a cikinta yake, ka hana shi fita."

Dattijon ya ce, "Wato na kulle ɗaki, ɓarawon yana ciki."

Fitar da ita daga ƙaiƙayi bai raba gardama ba. Duk na'urar da aka bari a sarari, idan an shigo gari ita ake fara fasawa, kuma ko a inuwa zafin Afrilu ya fi ƙarfinta. Ana bukatar wurin da zai ɓoye ta kuma ya shanye zafinta a lokaci guda.

Randa da Kwalli

Dakta Baiwa ta tafi Zakka wurin Esther ta ce ta gina mata randa mai faɗin baki, mai yawan gumi. Esther ta dube ta ta ce, "Duk karatun nan har bayan teku, ashe wurina za ki dawo? To durƙusa ki gaida uwar ɗakinki." Ta amsa mata da cewa, "Yi aikinki, baiwa, ranar sallah na ba ki tsohon zane." Daga nan ta je wurin Gambo, mai narka gwangwani yana zuba tukwane a kasuwar Batsari, ya zuba mata marfin alminiyam mai dogayen yatsu a ƙarƙashinsa. Marfin yana rufe bakin randa, yatsun suna nutse cikin ruwa, na'urar tana zaune a kansa an kife ta da kwando kamar sauran abinci. A tsakanin bayan na'urar da marfin aka shafa baƙin haɗin da take yi a zaurenta. Zafi ya bar na'ura ya bi ta cikin haɗin, ya shiga ƙarfe, ya gangara ruwa, randa ta fitar da shi da guminta. Aka jera ta cikin sauran randunan matan gidan, aka ɓoye eriyar a saman tsamiya.

Saboda baƙinsa da laushinsa matan Ruma suka sa wa haɗin suna kwallin Dakta, sunan kuma ya yi mata amfani. Mutane sun ɗauka yawansa shi ne ƙarfinsa, sai su lafta shi da kauri, alhali idan ya yi kauri shi kansa tare hanya yake yi. Sai ta riƙa ce musu, "Kwalli za ku sa, ba yaɓen ɗaki ba." Ta kuma gargaɗe su kada ya taɓa wayoyin ciki, domin yadda yake ɗaukar zafi haka yake ɗaukar wuta. Da ta ga hannun mata ya fi sauƙi a wannan aiki sai ta damƙa musu shi, tare da cika randar kowace safiya.

Tun daga ranar da aka zaunar da ita a kan randa, uwar oba-oba ba ta sake suma ba. A daminar 2022, wata rana bayan azahar, wani ƙauye ya hango ayarin babura ya faɗa, maganar ta ratsa sauran ƙauyukan, masu noma suka bar gonaki, maharan suka tarar da fartanya babu masu ita. Ƙauyuka ukun da suka yi niyyar tashi ba su tashi ba, kuma a kakar shekarar sun sa hatsi a rumbu. Kafin ƙarshen 2023 an kafa irin wannan randa a Zakka da wasu wurare na ƙasar Safana da Batsari. Ba ta taɓa cewa randa ta hana kisa ba, domin an ci gaba da kai hari, an ci gaba da binne mutane. Abin da take cewa shi ne ba za a sake samun kowa a gona ba tare da an gaya masa ba.

Saƙo daga Daji

A ƙarshen shekarar 2023 wani makiyayi mai suna Hamma, wanda aka kwashe wa shanu aka kuma tsare shi a daji na wani lokaci, ya iso gidanta a rame, ya durƙusa a zaure ya ce an sake shi ne da sharaɗin ya kawo saƙo.

"Inna, ki yafe mini, ba bakina ba ne. Sun ce in gaya wa matar nan mai randa ta ba su hanya, ta koma Katsina."

Ta sa aka kawo masa fura, ta jira ya sha, sannan ta ce, "Hamma, ka sauke naka. Ba zan mayar da kai da amsa ba, ka sha wahalar da ta ishe ka. Ai suna da oba-obar da suka ƙwace, za su ji da kunnensu." A ranar ta karɓi wayar ta yi magana duk ƙauyuka suna ji. Ta yi sallama, ta gaida dattawa, ta ce, "An aiko in ba da hanya. Ni zafi kaɗai na iya ba hanya, shi na karanta. Sunana Baiwa, amma ta Allah ce, ba ta kowa ba."

Amsarta ta biyu ta fi ta farko nauyi. Ta san idan haɗin ya tsaya a hannunta ita kaɗai, ranar da aka kawar da ita ya ƙare. Saboda haka ta shafe watannin da suka biyo baya tana tara mata da malaman makaranta a zaurenta, Musulmi da Kirista, tana koya musu aikin tun daga zare sandar batir har zuwa shafawa, tana sa kowa ya maimaita da hannunsa har sai ta gamsu.

Rasuwa da Jana'iza

Bayan ƙaramar sallar shekarar 2024 'yan bindiga suka shiga unguwar Malam Armaya'u suka bi gida-gida suna fasa randuna. Matan gidan sun riga sun gudu da na'urar a cikin kwando, amma randa da marfinta sun tafi, ƙauyukan Ruma kuma suka yi shiru a tsakiyar bazara, ana shirin sharar gona. An roƙe ta ta aika wasu, ta ce waɗanda ta koya wa ba su taɓa kafa sabuwa daga farko ba, za ta tsaya a kansu sau ɗaya su yi a gabanta. Ta tafi a kan babur da sabuwar randa da sabon marfi, matan suka kafa ta da hannunsu tana kallo, na'urar ta tashi. A kan hanyar komowa Batsari aka buɗe musu wuta daga cikin duwatsu, harsashi ya same ta a ciki. An kai ta asibiti a Katsina, inda Allah ya karɓi ranta da safiyar Juma'a, 19 ga Afrilu, 2024, daidai da 10 ga Shawwal, 1445, tana da shekara hamsin ba kaɗan.

An ba da shawarar a binne ta a Katsina saboda hatsarin hanya, amma 'ya'yanta suka ce ta bar wasiyyar a kai ta Zakka kusa da iyayenta. Bayan sallar Juma'a, a daidai lokacin da na'urar take suma a da, Malam Armaya'u ya sanar da rasuwarta ta oba-oba. Daga nan ƙauyuka suka riƙa miƙa wa juna labarin hanya, wannan ya ce wajensa lafiya, wancan ya ce a dakata, can ya ce a taho, har motar da ta ɗauko ta ta shiga Zakka. An yi mata sallah bayan la'asar, jama'ar Ruma da Batsari da Safana suka cika filin, dangin Jinjiri suna tsaye a gefe har aka idar, sannan aka kai ta makwancinta. Allah ya jiƙanta, ya sanyaya mata kabarinta, ya haɗa ta da mijinta a gidan rahama.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: Abdulmumin, wanda ke karatun aikin injiniya, Fatimatuzzahra, ɗalibar aikin jinya, Nafi'u, wanda ke sakandare, da autarta Godiya, wadda aka haifa a 2014.

Godiya tana gidan Esther a Zakka a ranar, kuma a tsakar gidan ne randar garin take. Tana zaune kusa da ita ta ji sunan mahaifiyarta ya fito daga oba-oba, ta ji muryoyin ƙauyuka suna rako ta gida ɗaya bayan ɗaya. Esther ta ce yarinyar ta miƙa hannu ta dafa jikin randar, ta ji shi da sanyi da danshi. Abin da ta fahimta shi ne mahaifiyarta ta rasu, na'urar ba ta suma ba, kuma gobe da safe sai an cika randar da ruwa.